Alhaji a Gaba, Surukinsa a Baya

Duk shekara, da sanyi ya fara sakin gari, sai yaranmu na Bron, nan gefen Lyon, su ciko mota su zo filin da nake aiki. Su yi mini rabin gaisuwa, su zagaya jiragen da ke kwance a ciyawa, kowane jirgi ya jingina fiffike ɗaya a ƙasa, sai wani ya leƙa ciki ya ce, "Tonton, wannan ai facile ne, ba wuya, ko moteur babu. Ni a ordi, a kwamfuta, nake tuƙa jirgi mai hawa biyu, daga Paris har Yamai." Ba na musu da shi. Nakan tambaye shi abu ɗaya kawai: wane suna uwarka take kiranka da shi in ka yi ɓarna? Sai su bushe da dariya, su ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. To, tunda kun hana ni shan shayina, ku zauna in gaya muku dalilin tambayar.

Sunana Lawali, mutumin Tasawa. Sana'ata koyar da tuƙin jirgi marar inji, wanda a nan ake ce wa planeur. Yadda yake tashi ba wani asiri ba ne. Akwai injin ja a can ƙarshen fili, da doguwar waya da ake maƙala wa jirgin a ciki. Inji ya naɗe waya, jirgi ya miƙe sama kamar gugan da ake ja daga rijiya. In ka kai inda waya ta ƙare, ka ja wani ƙulli rawaya ka sake ta. Daga nan babu mai ɗaukar ka sai iska mai ɗumi da ke tasowa daga gonaki da rufin gidaje, irin wadda ungulaye ke hawa suna zagaye a saman mahautar Maraɗi ba su kaɗa fiffike ba. Ka same ta, ka wuni a sama. Ka rasa ta, ka sauko ko kana so ko ba ka so. Kuma sauka sau ɗaya ce. Mai inji in bai ji daɗin yadda ya tunkari fili ba, sai ya ƙara wuta ya sake zagayowa. Mu ba mu da wutar da za mu ƙara.

Da turi na fara. Ina ɗalibi a Saint-Denis, ina shan matsi a jirgin ƙasa na metiro safe da yamma, sai wani ɗan ajinmu ya ce in raka shi wani fili bayan Paris a ƙarshen mako, wai in sha iska. Iska dai akwai, amma abin da suke nema shi ne mai ƙarfin kafaɗa. Na tura jirage, na jawo waya cikin ciyawa mai raɓa, na riƙe bakin fiffike ina gudu da shi har jirgi ya ƙwace daga hannuna, da la'asar in ɗauki soso in wanke gawarwakin ƙwari daga fuka-fukai. Lokacin zafi guda cur na yi a haka kafin a bar ni in ɗora jikina a kujera.

Wadda ta koya mini wata tsohuwa ce, Madam Jozet, gajera har sai an sa mata matashi kafin ta hango waje. Jirgin koyo kujera biyu gare shi, ɗalibi a gaba, malami a baya, kowa da sandarsa ta tuƙi tsakanin gwiwoyi. Sandunan nan a haɗe suke ta ƙasa, in na gaba ya motsa tasa, ta baya ta motsa. Shi ya sa doka ta farko ita ce a san wanda ke tuƙi. Mai son karɓa ya ce "na karɓa", ɗayan ya ce "na saki", ya ɗaga hannu a gani. Da Faransanci ake faɗa, ni na mayar wa mutanenmu da Hausa.

Wata rana muna tsakiyar hawa, hancin jirgi na kallon sama, waya ta tsinke. Abin da ake yi a nan ɗaya ne, a tura sanda gaba nan take, hanci ya kalli ƙasa, jirgi ya samu gudu. Na sani, na haddace, na ma taɓa yi wa wani bayani. Amma hannuna ya damƙe sanda ya ƙi zuwa ko'ina. Daga baya ta ce ta faɗa mini ta karɓa har sau nawa, ni ban ji komai ba. Abin da na ji shi ne "Lawali!", da irin muryar da Innata ke yi in ta hango ni ina leƙa rijiya. Yatsuna suka buɗe da kansu. Da muka sauka ta kunna sigarinta ta ce, mutum in tsoro ya kama shi Faransancinsa ne ke fara guduwa, sannan muƙaminsa, sannan karatunsa, abin da ke saura a kunnensa sunan da aka kira shi da shi yana ƙarami. Ta ce in riƙe wannan, zai fi mini amfani a kan rabin littattafan da nake yawo da su.

Kayan aikin ba su da yawa. Sanda a hannun dama, feda biyu a ƙafa, ƙulli rawaya na sakin waya, sai wani mariƙi shuɗi a hagu. In ka ja shi, wasu alluna su fito a saman fuka-fukai su tare iska, jirgi ya riƙa zubowa ƙasa. Birkinmu ke nan. Akwai agogon da ke kuka da siririyar murya in kana hawa, ya koma gurnani in kana sauka. Amma wanda ya fi su duka gaskiya wani ɗan jan zaren ulu ne da ake manna wa gilashi ta waje da salatif. In ya miƙe, kana tafiya daidai. In ya karkace, kana tafiya a kaikaice kamar kaguwa, ko da kai farfesa ne. Na ga manyan mutane sun sayi jirgi na kansu, sun cika shi da allunan lantarki, kuma zaren da aka yanko daga tsohuwar suwaita yana ƙaryata su tun daga tashi har sauka.

Matsalar sana'ar nan ita ce hutu. Da sanyi ya shigo muke kwance jirage mu kulle rumfa, sai wata da watanni. Hannu yana mantuwa, baki ne ba ya mantawa. Da an buɗe fili za ka ga masu tuƙi sun dawo da sabon tabarau da tsohon labari, kowa yana cewa ai kamar keke ne, ba a mantawa. Keke in ka manta sai ka sa ƙafa a ƙasa. Na ga wanda ya dawo daga hutu ya ja mariƙin taya yana zaton birki ne, yana mamakin me ya sa filin ke wucewa ta ƙarƙashinsa. Na ga wanda ya rasa iska ya sauka a gonar mutane, abin da Faransawa ke kira zuwa wurin shanu, ya kira ni yana rantsuwa gonar ce ta taso ta tare shi.

Shekarar kulle ta fi kowace muni, wadda annoba ta zaunar da kowa a gida. A lokacin na daɗe da dawowa Lyon, ni ne babban malamin wani fili a bayan gari. Ciyawa ta kai gwiwa, zomaye suka mayar da hanyar tashi unguwarsu, wata tsuntsuwa ta yi sheƙa cikin injin ja har ta ƙyanƙyashe. Mun san ranar da za a buɗe, mutanen da suka manta hagu da dama za su zo su ce a ba su jirgi. Sai muka jawo gaban wani tsohon jirgi mai kujera biyu, wanda wani likitan haƙori ya taɓa cusa shi cikin shinge, muka yanke shi, muka ɗora a kan katako a kusurwar rumfa. Wani daga cikinmu ya haɗa sanduna da feda da mariƙai da kwamfuta, muka kafa manyan alluna uku a gaba, ga filinmu a ciki da bishiyoyinsa da hasumiyar cocin ƙauye. Su suna ce masa simulateur. Ni Baho nake ce masa, don da shi ya yi kama.

Wurin zamana yana bayan Baho, da ɗan teburi. Maɓalli ɗaya in tsinke waya, wani in juya iska, wani in kashe agogon kuka. Mutum ya faɗo, allo ya yi ja, in tashe shi, ya sake faɗowa. Duk wanda ya yi hutu sai ya bi ta nan kafin ya taɓa jirgin gaske. Ina son na'urar nan don abu ɗaya, ba ta da kunya. Ba ta san mai furfura ba, ba ta san wanda ya ba ka masauki ranar da ka sauka a ƙasar nan da akwati ɗaya ba. Abin da ni ba zan iya buɗe baki in gaya wa babba ba, ita sai ta gaya masa da jan allo a gaban kowa.

Babban da nake nufi shi ne Alhaji Mamman, Badamagare, mai farmasi a Bron. Duk ɗan Nijar da ya yi karatu a Lyon ya ci tuwon gidansa. Ba mai kiran sunansa. Mu Alhaji muke cewa, Turawa su ce Monsieur su haɗa da sunan mahaifinsa, Hajiya ta ce "mai gidan", yara su ce Papa. Ya koyi tuƙi a hannuna da girmansa, kuma ya iya, sai dai yana da taurin kai irin na wanda ya saba a ce masa to. Annobar nan ta kwantar da shi, zuciya ta biyo baya, ya daɗe bai leƙo fili ba. Da ya dawo ya rame, ya sayar da farmasi, ya ce zai koma Damagaram gaba ɗaya kafin wani sanyin. Abu ɗaya ya rage masa: yana so ya tashi sau ɗaya, da hannunsa, ya hango farin dutsen nan Mont Blanc daga sama kamar yadda ya saba. Likita ya yarda, amma da sharaɗi. Ba zai tashi shi kaɗai ba, dole a kujerar baya a samu wani matuƙi da zai karɓe jirgin in abu ya taso.

Na ce ni zan zauna masa a baya. Ya ce, "Malam Lawali, in kana bayana ai ɗan lakwal nike, ɗan makaranta. Ni tuƙi nike so in yi, ba darasi ba. Ga Dakta nan, na gida ne."

Dakta shi ne Isa, mijin 'yarsa Fasuma, malami a jami'a, mutumin kirki har abin ya so ya yi yawa. Shi ma yana da takardar tuƙi. Kowa ya san yadda aka yi ya same ta: lokacin da yake neman auren Fasuma wasu goro suke kaiwa, shi fiffiken Alhaji ya zo yana riƙewa duk Lahadi, har tuƙin ya shiga jikinsa. Hannunsa mai kyau ne. Amma tun da aka ɗaura aure ban taɓa ganin ya haɗa ido da Alhaji ba. Ba ya cin abinci a gabansa, in Alhaji ya shigo ɗaki ya miƙe, in Alhaji ya ce yau Talata ce alhali Laraba ce, Isa zai gyara kalandarsa. Na ce musu ba inda za su sai Baho ya yarda da su biyun tare. In bai yarda ba, Alhaji ya koma gida da hoton dutsen a waya.

Zaman farko ba zan manta da shi ba. Na kai su sama, na ce su zagaya su sauka.

"Bismilla, Dakta," in ji Alhaji. "Kai hannunka ke da zahi."

"A'a Baba, ku hwara, bismilla."

"Haba, bismilla dai."

"Wallahi Baba, ku ne gaba."

Irin abin nan da ake yi in an tashi salla kowa yana tura ɗan'uwansa gaba. Daga nan kowa ya ɗauka ɗayan ya karɓa. Jirgin nan kuwa in an daidaita shi yakan yi tafiya mai nisa da kansa. Can sai na ji Alhaji yana cewa, "Madalla Dakta, hannunka ya yi laushi." Isa ya ce, "Ai Baba ku ne ba ku manta ba, kamar jiya kuka sauka." Ni kuwa daga inda nake ina ganin hannaye huɗu a kan gwiwoyi huɗu. Suna cikin yabon juna jirgin ya karkata a hankali ya shiga hasumiyar coci. Allo ya yi ja, Alhaji ya waiwayo ya ce mini akwatin nan ya lalace.

Zama na biyu na tsinke musu waya suna ƙasa-ƙasa, Alhaji na tuƙi. A wannan tsayi ba a juyawa, a tura hanci ƙasa a sauka gaba. Alhaji ya fara karkata zai koma inda ya taso, kuskuren da ya kashe mutane da yawa a sana'ar nan. Isa ya gani, na ga kafaɗarsa ta motsa. Ya gyara murya ya ce, "Baba, Allah shi ba ku haƙuri, ba wai ina gyara muku ba ne, kun hi ni sani, amma a nawa ɗan gani da an ɗan..." A kan "amma" suka mutu. Sauran maganar ga jan allo ya ƙarasa ta. Na tashe su, na sake tsinkewa. Wannan karon ya rage gabatarwa, ya kai har "da an ɗan tura". Na ce an samu ci gaba, yanzu gawarwakin sun san abin da ya kamata a yi.

Fasuma ta zo zama na gaba, da jaririnta a goye. Ita a La Courneuve aka haife ta kafin su dawo Lyon, bakinta ba ya zagaye. Ta tsaya ta kalli ubanta da mijinta sun shiga gonar masara cikin ladabi da girmama juna. Ta ce, "Papa, in ya ce ka saki, tu lâches, c'est tout." Ta juya ga Isa ta ce, "Kai kuma a gida har da kukar miya kake gardama." Sannan ta ja ni gefe ta ce, "Tonton, uba ɗaya gare ni, miji ɗaya. In ba su iya ba, kar ka bar su." Na ce ai ba ni ke barin su ba, Baho ne.

Daga nan muka shiga aiki sosai, duk Asabar. Na hana "Baba ku yi haƙuri", na hana "a nawa gani". Kalma biyu kawai, na karɓa, na saki. Da farko Isa yana faɗa kamar mai roƙon a matsa masa a sahun masallaci. In sa ya maimaita har mai gyaran fiffike a ɗaya ƙarshen rumfa ya ji. Alhaji ma sai da na sha fama da shi, don in aka ce an karɓa sai ya ce, "Dakata tukuna, ina gyarawa." Ranar da allo ya yi masa ja har ya gaji, ya cire tabarau ya goge, ya yi magana yana kallon gaba, don shi ma kunyar yaron yake ji. Ya ce, "Dakta, in ba ka ƙwace ba, kai ka hana ni ganin dutsen nan." Daga ranar abin ya fara tafiya. Na tsinke waya a ƙasa, na tsinke a sama, na juya iska, na kashe agogo, na sa Alhaji ya yi kamar ya suma. Isa ya karɓa, Alhaji ya saki, jirgi ya sauka. Na ɗauki kowannensu a jirgin gaske ni da shi, ban ga abin kushewa ba.

Amma akwai abin da Baho ba ya iyawa, kuma ku masu ordi ku buɗe kunne. Yana dawo wa hannu da abin da ya manta, yana koya wa ido inda zai duba, yana ba ka damar yin kuskure ka tashi ka sha kofi. Tsoro ne ba shi da shi. Ba wanda hannunsa ya taɓa sandarewa a cikin Baho, don ƙashin bayanka ya san kana kan katako a kusurwar rumfa. Saboda haka na kira Isa bayan rumfa na ba shi labarin Madam Jozet. Na ce in wata rana ka ce ka karɓa bai saki ba, ba ƙin ji ba ne, ba ya jin ka ne. Ka kira sunansa, tsurarsa, da ƙarfi. Isa ya kalle ni kamar na ce ya mari limami. Ya ce, "Malam, gara mu hwaɗo." Na ce to shi ke nan, ka zaɓi gonar da ta fi laushi.

Ranar da suka tashi sama ta yi garau, an yi ruwa jiya ya wanke ta. Alhaji ya zo da tsohuwar farar malfarsa ta tuƙi. Na ɗaura masa laimar sauka a baya, na duba maɗauransa, ni na riƙe musu fiffike na yi gudu da shi. Suka hau lafiya, suka saki waya, na ga sun kama iska a saman ƙauye suna zagaye har suka zama ɗigo. Fasuma na zaune a ciyawa tana jijjiga yaro, ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Sun daɗe. Kafin su dawo iska ta ƙara ƙarfi, tana busowa daga ƙarshen fili, irin wadda ke sa jirgi ya zubo da sauri fiye da yadda ido ya saba. Na faɗa musu ta rediyo, Isa ya amsa.

Kafin filinmu akwai titi, sannan dogon shingen bishiyoyi. Da suka miƙo don sauka na ga allunan birki a waje gaba ɗaya, jirgin kuma ya yi ƙasa da yawa. Na jira a rufe su, ba a rufe ba. Hanci ma sai ya fara ɗagawa, alamar wani yana jan sanda baya don ya guje wa bishiyoyi, abin da ke cinye gudun da ya rage. Na ɗaga rediyo zan yi magana, na tarar layin a toshe, sai huci nake ji. Maɓallin magana a kan sanda yake. Alhaji ya damƙe ta har ya danne shi bai sani ba, duk filin muna jin abin da ke cikin jirgin, mu kuma ba mai iya shiga.

"Na karɓa," muryar Isa, tsaf kamar a Baho.

Huci kawai.

"Baba, na karɓa."

Alluna na nan a waje. Fasuma ta miƙe tsaye. Ni na riga na fara duba inda za su bugi shingen.

"Mamman! Saki!"

Rediyo ya ɗauke ɗif, yatsu sun bar maɓalli. Allunan suka shige, hanci ya sunkuya, jirgin ya nufi gindin bishiyoyi kamar zai shiga cikinsu, ya tara ɗan gudu, ya ɗago ya tsallake. Tayar ta taɓa ciyawa, ya gangara ya tsaya, ya jingina fiffike. Da muka isa akwai ganye a maƙale a ƙarƙashinsa.

Isa ya riga ya fito. Bai ko cire laima ba, ya durƙusa a ciyawa ya sunkuyar da kai, kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Turawan da suka rugo suna ta buga masa kafaɗa suna bravo, ba su san mutumin yana neman ƙasa ta tsage ba ne. Alhaji ya daɗe a zaune. Na kwance masa maɗauri, na ba shi hannu ya fito. Ya tsaya yana kallon shingen, sannan ya ce, "Wa ya kira ni?" Ya ƙara da cewa, "Tun da muka rufe Inna ban ƙara jin shi haka ba." Ya cire malfar ya ɗora wa Isa a ka, ya juyo gare ni ya ce, "Na ga dutsen, Malam Lawali. Fari fat. Ya isa."

Bai sake tashi ba. Isa kuwa ya ɗauke ƙafa daga gidan surukinsa ɗungurungum. Ranar da Alhaji zai tafi shi ya loda akwatuna, shi ya tuƙa mota har filin jirgin sama, amma ya ƙi fitowa, wai ba wurin ajiye mota. Har yau in wayar Damagaram ta shigo sai ya miƙa wa Fasuma ya shige banɗaki. Malfar dai tana kansa duk Lahadi, kuma yanzu shi ke zama bayan Baho in ba na nan, yana tsinke wa mutane waya ba tausayi.

Kwanan baya Alhaji ya kira ni. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi fili, ya tambayi Baho, ya ba ni labarin zafin Damagaram. Har na ɗauka ya gama, sai ya ce, "Ka ce wa yaron nan ya riƙa ɗaukar waya. Duk 'yan'uwana sun tahi, nan ma kowa Alhaji yake ce mini. Shi kaɗai ya rage da sunana a bakinsa."